Yadda Za Ka Tsare Ɗakinka da Jirgin Ƙasa na Wasa

Idan kai saurayi ne a gidan gado a Zangon Kumasi, ka riga ka sani ɗakin da kake kwana ba naka ba ne. Aro aka ba ka, kuma a tsakar gidan nan akwai wanda ya gama tsara abin da zai zuba a ciki ranar da ka fita. Wasu da aure suke tsare ɗaki, wasu da aikin albashi, wasu da rashin kunya. Duka ukun akwai wahala. Ni wata hanya na kawo maka: jirgin ƙasa na wasa, irin wanda Turawa masu furfura ke shimfiɗa wa dogo a kan tebur, su yi masa tasha da tsauni da bishiyoyi, su zauna suna kallo yana zagaye.

Ka riƙe dariyarka tukuna. Ka bi matakan nan yadda na jera su, ni kuma na lamunce maka za ka gina abin da babu mai iya ɗaga shi daga ɗakinka, ko da 'yan sanda ya zo. Ba a waya na gani ba. A kan abokina Fu'ad aka gwada, a nan bayan masallacin layinmu.

Fu'ad mutum ne da ƙafarsa ba ta san zama ba. Ya shiga Magazin, unguwar makanikai, koyon gyaran mota, ya ce baƙin mai na ɓata masa farce. Ya koma gyaran waya a Adum, can tsakiyar gari, ya ce kujerar ta yi gajarta. Ya gwada tuƙin keke mai ƙafa uku, ya dawo da ƙafa biyu. Idan irin wannan mutum ya iya, kai ma za ka iya.

Mataki na ɗaya: Ka makara ranar rabon duro

Kada ka sayi jirgi. Saurayin da ya sayi jirgin wasa da hannunsa, gida zai tara masa malamai. Jirgi shi yake zuwa da kansa, a gindin duron da ɗan'uwanka boga, wato wanda ya samu ƙetarewa, ya aiko daga Turai.

Yayan Fu'ad, Abdul-Kudus, yana Jamus, kuma duk shekara yana aiko shuɗin duro cike da kaya. Ranar da aka buɗe na bara, Fu'ad yana majalisar ataya, shayin samari, yana gardamar ƙwallo. Kafin ya iso an kwashe shinkafa, an kwashe man shafawa, an kwashe takalma har da wanda ba shi da ɗan'uwa. Abin da ya rage kwali ne mai rubutun Jamusanci, wanda matan gida suka jijjiga, suka shinshina, suka tabbatar ba a ci, ba a shafawa.

A ciki akwai kan jirgi baƙi, tsawonsa kamar tafin hannu, da taragu, da guntayen dogo, da wani ɗan akwatin wuta mai maɓallin murɗawa. Fu'ad ya ɗora kan jirgin a hannu, ya ji ya fi yadda ya zata nauyi. Ya juya taya da yatsa, sai wasu 'yan sanduna a gefe suka motsa tare, kamar gwiwar mai gudu. Ya sake juyawa. Yana nan zaune a gindin duro har aka kira la'asar, abin da ya sa maƙwabta suka fara tambaya ko ba shi da lafiya.

Wayar akwatin wutar a tsinke take. Ya kai wa wani mai gyara a Adum, mai gyara ya ce gobe. Ka san goben mai gyara. Ka tafi ka yi sauran aikinka.

Mataki na biyu: Ka san abokin gabarka

Za ka zaci ɓera ne, ko yara. A'a. Abokin gabarka firiza ce.

Hajiya Barkisu, yayar Musah mahaifin Fu'ad, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar kakansu. Sana'arta sobolo, wato zoɓo mai sanyi, kuma ta riga ta yi magana da dillali a kan wata sabuwar firiza doguwa kamar kwale-kwale. A duk gidan, ɗakin da ke kusa da titi kuma soket ɗinsa ba ya tartsatsi, na Fu'ad ne. Wata safiya ta tsaya a bakin ƙofarsa, ba ta dube shi ba, bangon take dubawa.

"Ɗan Musah, ɗaki na mai aiki ne ko mai mata. Kai wanne ne?"

Ya ce mata yana kan shiri. Ta ce to shirin ya nuna fuska kafin Sallar Layya, in ba haka ba zaure yana nan, inda ƙannensa da baƙin kwana da babur ɗin telan bakin ƙofa suke kwana, kuma babu wanda ya taɓa mutuwa a can.

Ka lura: dattijuwar da ke yi maka magana tana kallon bango, awo take yi.

Mataki na uku: Ka ba da gadonka

Dogo yana son fili, ɗakin Zango kuwa in ka yi miƙa sai ka gaisa da bango biyu. Dole ɗaya ya tafi, ko gado ko jirgi. Fu'ad ya ɗaga gadonsa a kan bulo har ƙugu, ya cire katifa, ya shimfiɗa faifan katako a sama. Sama ta zama ƙasar jirgi, ƙasa ta zama makwancinsa. Da farko duk asuba sai ya buga goshi. Daga baya goshin ya koyi hanya.

Turawan da yake kallo a waya a kanti suke sayen ciyawa da duwatsu. Kai kana Kumasi, ka buɗe ido. Ciyawa garin katako ce da koren rini. Bishiya tsohon soson wanka ne a kan tsinken tsire. Tsauni kwalin ƙwai ne da kamu. Ramin da jirgi ke shiga ya fito, gwangwanin tumatir ne babba da aka fasa wa gindi.

Sai tsakuwar da ake zubawa a gefen dogo. Nan ka saurara da kyau: kada ka yi amfani da gari. Fu'ad ya duba ya ga ƙwayar garin rogo daidai take da tsakuwar Turawa, ya zuba, ya yayyafa ruwan gam. Gari ya yi abin da ya saba yi in ya ga ruwa. Ya kumbura, ya ɗaga dogo, ya haɗiye tasha. Kafin yamma kajin gida sun yi layi a bakin ƙofa, tururuwa kuma ta zama fasinjar farko. Da cokali ya kankare.

Yashi za ka tankaɗe. Fu'ad ya ari rariyar Anti Ayishatu, mai sayar da wakye, shinkafa da wake, da ke haya a ɗakin ƙurya, lokacin da ta tafi kasuwa. Aro ne, sai dai ita ba ta sani ba.

Mataki na huɗu: Ka je ka ga na gaske

Wani tsohon Bature mai gemu ya faɗa a bidiyo cewa sirrin wannan aiki ɗaya ne: ka je layin dogon da ya fi kusa da kai, ka kwaikwayi abin da ka gani daidai, kada ka ƙara, kada ka rage. Maganar ta shiga Fu'ad, domin a Kumasi aka haife shi, a Kumasi ya yi gemu, amma bai taɓa ganin jirgi yana tafiya ba.

A gidansu mutum ɗaya ne ya taɓa shiga: Baba Idirisu, ƙanen Hajiya, ladanin masallaci. Yana saurayi ya hau zuwa bakin teku. Barci ya ɗauke shi tun kafin a bar gari, sai da mai shara ya tashe shi a can. Wannan bai hana shi zama masanin jirgi na layinmu ba.

Fu'ad ya gangara ta bayan kasuwar Kejetiya yana neman dogo. Ya yi ta dube-dube har wata mata ta ce ya ɗaga ƙafarsa daga kan kayanta. Da ya duba ƙasa, ashe a kansa yake tsaye. Ga ƙarfen nan biyu sun miƙe, takalman gwanjo a jere a kan ɗaya, kifi busasshe a kan ɗayan. Gaba mai barkono, gaba mai wandunan jins, gaba mai wa'azi da lasifika, laima na taɓa laima har iyakar gani. Ya tambayi matar, cikin ladabi, yaushe jirgi yake wucewa. Ta dube shi daga hula har silifa, ta ce in ya haɗu da shi ya gaishe mata da shi, in kuma ba wando zai saya ba ya matsa, yana tare mata masu saye.

Ya dawo gida da ilimi: layin dogo wuri ne mai tsawo da ake kasa kaya. Bature ya ce kada a rage. To, ba za a rage ba.

Mataki na biyar: Ka yi mutane, amma ban da fuska

Da sabulun wanki ake sassaƙa su, kowanne kamar ɗan yatsa. Marfin kwalba shi ne laima, shi ne tukunya, shi ne faranti. Baba Idirisu ya leƙo ya ga ana fere sabulu, ya ce mutum-mutumi mai ido da hanci ba zai kwana a gidan mahaifinsa ba. Fu'ad ya amsa da sauri, don dama hancin ne ya gagare shi. Aka bar kowa da kai sumul kamar ƙwai.

Mutumin da ba shi da fuska, da tufa ake gane shi. Fu'ad ya je shagon Masta Sha'aban, telan da ke bakin ƙofar gida, ya tsinto ƙyallaye daga ƙasa. Abin da bai yi tunani ba shi ne, duk ƙyallen da ya faɗo daga almakashin telan gida yana da mai shi, kuma mai shi tana tsakar gida.

Anti Ayishatu ta shigo neman rariyarta, baki cike da magana. Sai ta tsaya. A gefen dogo ga wata 'yar sabulu zaune gaban tukunya, ɗaure da atamfar da aka yi yayinta a bikin ƙanwarta.

"Kai Fu'ad, wannan ni ce?"

Ya ce ai kowa ce, mai wakye ce kawai. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta ce da farko dai ita ba ta rame haka ba. Na biyu, tunda take ba ta taɓa kasa abinci a bakin kwata ba, a mayar da ita kusa da tasha inda mutane ke sauka. Ta fita ta manta da rariya. Da azahar sai ga kwanon wakye har da ƙwai da taliya da ganda.

Kafin a jima Masta Sha'aban ya zo ya ce ina nasa shagon. Baba Idirisu ya ce shi ba ruwansa da wasan yara, amma idan za a sa benci a gindin bishiyar can, mai benci ya kasance da farar hula. Kowa ya fara kawo ƙyallensa da kansa. Wata ta yanko daga gefen zanen da take ɗaure da shi.

Ka riƙe wannan: ɗan Adam zai yafe maka ka bar shi babu hanci, amma ba zai yafe ka sa maƙwabcinsa a inuwa shi a rana ba.

Mataki na shida: Mai gida a ƙarshe, kuma ta fi kowa girma

Kada ka yi gaggawar sassaƙa Hajiya. Ka bari labari ya je mata ta bakin wasu, ta ji kowa na ciki ban da ita, ta kwana da abin. Sannan ka ɗauko sabulu guda cikakke.

Ana saura kaɗan Layya ta shigo da mayafinta a hannu, domin da shi take awo. Ta auna bango, ta auna ƙofa. Sai idonta ya sauka a tsakiyar kasuwa. Ga wata mace ta fi ginin tasha tsawo, zaune daram a kan dogo ƙarƙashin laima biyu, kusa da ita ga farar firiza ta kwalin ashana.

Fu'ad ya tuna zaure, ya tuna warin fetur ɗin babur, ya tuna ƙanensa da ke harbi cikin barci.

Hajiya ta nuna da leɓe, ta tambaya wa ya ɗaura wa waccan wannan zanen. Ya ce shi ne. Ta ce ko wanke-wanke ba ta yi da irinsa. Ta naɗe mayafinta ta fita. Jim kaɗan aka aiko da guntun leshi mai duwatsu, da saƙon cewa ɗaurin ɗankwalin ya karkata dama, ba hagu ba.

Layya ta zo ta wuce, ba a ƙara maganar zaure ba. Firiza ta iso, aka jingine ta a baranda cikin kwalinta. Fu'ad ya zo majalisa ya sha ataya kofi a kan kofi, yana ba mu shawara a kan rayuwa.

Mataki na bakwai: Ka bar jita-jita ta yi aikinta

Ranar da aka matsar da 'yar sabulun Anti Ayishatu kusa da tasha, wakyenta ya ƙare tun hantsi. Wakyenta dama yakan ƙare, amma wannan karon ta san dalili. Ta faɗa wa mutum ɗaya, ta ce kada ya wuce nan. Kafin magariba har unguwar Asawase an ji.

Daga nan Fu'ad ya daina tashi da kiran salla, da ƙwanƙwasa ƙofa yake tashi. Kowa sai ya leƙo ya ga wurinsa kafin ya fita nema. Masta Sha'aban ya rantse an tura shagonsa baya da faɗin farce, kuma ya san wadda ta tura. Anti Ayishatu ta ce wanda bai iya ɗinka aljihu daidai ba, ina ya san faɗin farce. Wata mai ƙosai daga gidan baya ta aiko da ƙyalle da ƙosai mai zafi. Mai aski ya aiko. Mai gawayi ta aiko. Baba Idirisu ya yi wa mutane faɗa a masallaci cewa arziki na Allah ne, ba na sabulu ba, sannan ya biyo ta ɗakin ya ce a ɗan juya bencinsa, rana na dukan mai farar hula.

Da rigima ta yi yawa, matan suka taru suka naɗa Hajiya magajiyar kasuwa. Daga ranar ba a ɗaga ko marfin kwalba sai da izininta. Dogo ya cika daga tasha har tsauni. Inda ya rage babu kowa, cikin gwangwanin tumatir ne kawai, don an ce babu mai saye da zai shiga duhu.

Yanzu ɗakinka ya fi ofishin gwamna tsaro. In kana da hankali, nan za ka tsaya.

Mataki na takwas: Kada ka karɓo akwatin wuta

Za ka karɓo. Na sani, amma dai na faɗa.

Goben mai gyara ta iso. Fu'ad ya dawo da akwatin a ƙirji kamar jariri, ya tsaya a gaban teburinsa, sai a lokacin ya ga babu inda jirgi zai bi. Ya je gaban magajiya ya durƙusa, ya roƙi a ɗage kasuwa na ɗan lokaci, zagaye ɗaya tak, ya mayar da kowa wurinsa. Hajiya ta ce za a duba. Anti Ayishatu ta ce haka ake cewa kullum, in an ɗaga ka shi ke nan. Masta Sha'aban ya ce a fara nuna musu inda za su koma tukuna. Aka ce ya dawo bayan bikin 'yar mai gawayi. Bayan biki aka ce ai ga suna ya taso.

Abin ya riƙa cinsa. Shi ya shimfiɗa dogon nan guntu-guntu, shi ya goge shi da tsumma, amma yana kwance a ƙarƙashinsa kamar ɗan haya. Ya ɗauki kan jirgin ya tura shi cikin gwangwani, ya haɗa waya, ya ce ko ƙugin injin ne ya ji. Ya murɗa maɓalli kaɗan, shiru. Ya murɗa har ƙarshe, shiru. Ya ɗaga kai ya ga fanka a tsaye. Dumso ne, an ɗauke wuta. Ya yi tsaki ya fita, maɓalli na nan yadda ya bar shi.

Ran nan Juma'a ce. Bayan la'asar Hajiya ta kawo matan ƙungiyarsu, duk cikin yayi iri ɗaya, ta nuna musu kasuwarta. Ɗaki ya cika da turare da ƙarar awarwaro. Fu'ad na tsaye a jikin bango, kusa da soket, yana amsa gaisuwa. Sai aka ji yaran layi sun ɗauki ihun an kawo wuta.

Wata 'yar fitila ta kama a cikin gwangwanin tumatir.

Jirgi ya fito. Ya fara da mai gawayi, ya bi ta kan mai aski, ya shiga shagon Masta ta gaba ya fita ta baya. Tukunyar wakye ta yi sama. Mai farar hula ya bar benci ba shiri. Da ya iso tsakiyar kasuwa, Hajiyar sabulu ta fi ƙarfin ya ture ta, sai ta zauna a hancinsa, leshi na walƙiya, ya ɗauke ta suka wuce tasha, suka haye tsauni, suka shige rami, suka fito.

Fu'ad bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Sandunan gefen taya yake kallo, suna kai da kawo kamar gwiwar mai gudu. Yana jin ƙas-ƙas-ƙas a duk mahaɗar da ya haɗa da hannunsa, kuma babu wadda ta saki. Yatsunsa na kan filogi. Ya bar shi ya sake zagayowa. Da jirgin ya doshi rami karo na biyu, sai bakinsa ya buɗe da kansa, ya yi masa busa, doguwa, a gaban matan ƙungiya.

Mataki na tara: In an kira zama, ka faɗi gaskiya, tunda ba ka da komai kuma

Washegari aka jera benci a tsakar gida. Anti Ayishatu ta kawo tukunyar gaske ta buɗe, ta ce a duba, yau wakye ya yi kwantai. Masta Sha'aban ya ce allurarsa ta karye tun ɗinkin farko. Baba Idirisu ya ba da shaida a matsayin masani, ya ce jirgin da shi ya hau, daga nan har bakin teku, bai ga ya taɓa kowa ba.

Hajiya ta bari kowa ya gama. Sannan ta juyo, wannan karon shi take kallo, ba bango ba.

"Hannunka na kusa da soket?"

"Yana kusa, Mma Hajiya."

"Me ya hana ka cirewa?"

"Ban taɓa ganin yana tafiya ba."

Hajiya ta gyara mayafi, ta ce ita ma ba ta taɓa gani ba, kuma tsakani da Allah yana da kyan tafiya. Ta ce ta lura ko a kwana bai kayar da ita ba. Fu'ad ya fara jin iska na shiga masa.

Sai ta yanke hukunci. Kasuwa ba za ta tashi ba, abincin mutane da yawa na ciki. Jirgi haɗari ne ga jama'a, zai bar ɗakin. Kuma bai dace ƙato ya riƙa kwana ƙarƙashin inda matan aure ke kasa kaya ba, ga baƙi na shiga da fita, baƙin kuma na jin ƙishirwa. Ta ce tun ranar da ta shiga da mayafi ta auna ƙarƙashin teburin, firiza za ta shige kamar don ita aka yi.

Masta Sha'aban ya ce to yaya za a buɗe murfin, ga tebur a sama. Nan aka yi ta shawara, har Hajiya ta ce ai a gidan nan akwai wanda ya iya sa abu ya yi gaba ya yi baya.

Mataki na goma: Ka karɓi muƙaminka

Fu'ad ya je Magazin ya samo ƙarfe biyu dogaye da ƙananan tayoyi. Ya shimfiɗa su a inda katifarsa take, ya auna, ya daidaita, ya shafa man inji. Aikin ya yi kyau, har mutane na zuwa gani. Ka janyo da yatsa biyu, firiza ta fito sumul, a ɗauki sobolo, ka tura ta koma.

Yau a ɗakin nan abu ɗaya ne ke tafiya a kan dogo, kuma Fu'ad ne direbansa. Da safe ya share kasuwa da gashin kaza, ya gyara wa Hajiyar sabulu ɗankwali, ya tsaya jiran masu saye. In yara sun taru yakan yi wa firiza busa kafin ta fito. Kan jirgin yana cikin safa a ƙarƙashin matashinsa, a zaure, tsakanin tayar babur da ƙafar ƙanensa.

Kafin ka zo nemana

Ni dai abin da na gani na rubuta. Gado naka ne, sabulu naka ne, goggo taka ce, kuma ba ni na haifa maka ita ba. Duk abin da ya biyo baya, ko kumburin gari, ko fushin mai wakye, ko goshi da ya canza kama, tsakaninka ne da mutanen gidanku. Kada ka aiko min da kowa, kada ka tare ni a majalisa, kada ka ambaci sunana a zaman tsakar gida. In kuma abin ya kai ka ga neman wurin kwana, kada ka nufi zauren su Fu'ad. Na riga ka tambaya. An ce daga babur zuwa ƙofa duk da masu shi.